Kafin Ka Biya Kuɗin Sabuwar Saba, Alhaji

Tambayar da Alhaji ya aiko ita ce: yana da kamfanin dillancin kayan masarufi, ofis a kusa da Kasuwar Singa, sito a Sharaɗa. A ofishin akwai tsofaffin sabobi uku, wato manyan kwamfutocin da sauran kwamfutocin ofis suke ɗaukar bayanai daga gare su, ɗaya ta manhajar lissafi, ɗaya ta shigar kaya da fitar rasit, ɗaya ta takardun ofis. Wani ɗan kwangila ya kawo masa takardar farashi, ya ce a sayi babbar saba guda a zuba ukun a cikinta, kuma tunda faifanta na ajiyar bayanai suna da RAID, wato tsarin haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, ko wani abu ya lalace babu abin da zai ɓata. Alhaji yana so ya san ko ya biya.

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Maganar ɗan kwangilar nan rabinta gaskiya ce, rabinta kuma tana da haɗari ƙwarai. Haɗe sabobin uku a inji ɗaya shawara ce mai kyau, ni ma ita zan ba ka. Amma cewa RAID zai tsare maka bayananka daga kowace irin ɓarna, wannan ba haka ba ne. In har a takardar farashin babu layin da ya faɗi inda za a riƙa ajiye kwafin bayanan a wajen injin, da wanda zai riƙa gwada kwafin, to kada ka saki ko sisi tukuna.

Bari mu fara da rabin da yake gaskiya. Zuba kwamfutoci da yawa a cikin inji ɗaya ba sabuwar dabara ba ce. Kamfanin IBM yana yin haka a manyan injinansa tun shekarun 1960, sai VMware da aka kafa a 1998 ya sauko da abin zuwa irin injinan da muke iya saye. Ana ɗora wata siririyar manhaja, manhajar rabo, kai tsaye a kan ƙarfen injin, ita kuma ta yanka ƙarfin injin gida-gida, kowane yanki ya zama kwamfuta mai zaman kanta, wadda zan riƙa kira kwamfutar ciki, da Windows ɗinta ko Linux, da faifanta, da adireshinta a netwok. Ma'aikacin da ke buga rasit ba zai ma san an canza komai ba. Kamar filaza ce a Kantin Kwari: gini ɗaya, mita ɗaya, mai gadi ɗaya, amma kowane shago da makullinsa da kayansa. Aibin tsarin ma a nan yake, domin ranar da wuta ta kama ginin, shagunan duka ne ta kama.

Ribar da kowa ya fi saurin gani ita ce ta wuta. Sabobin nan naka uku mafi yawan yini zaune suke ba su da wani aiki mai nauyi, amma kowacce tana shan wuta, tana fitar da zafi, janareta yana ƙona mata dizal. A wurina babbar ribar wata ce daban. Da zarar kwamfuta ta koma ta ciki, ta rabu da ƙarfen da take kai, ta zama fayil. Ana iya ɗaukarta ɗungurungum, da Windows ɗinta da manhajar lissafin da duk saitinta, a kunna ta a wani injin daban ta ci gaba da aiki. A yanzu in allon cikin tsohuwar sabar lissafinka ya ƙone, sai a zaga titin Beirut kaf ba a samu irinsa ba, a koma jiran saƙo daga Legas, sannan a fara neman wanda ya girka manhajar shekarun baya. Wannan wahalar ce take kau. Abu ɗaya da za ka sa a duba tun kafin ƙaura: wasu manhajojin lissafi suna da ɗan makullin da ake sokawa a ramin USB, wasu kuma lasisinsu a ɗaure yake da lambar injin. A gwada su a cikin sabon tsarin tun tsohuwar sabar tana kunne.

Wace manhajar za a ɗora a kan ƙarfen? Da a shekarun baya ne da na ce VMware, na wuce. Amma a ƙarshen 2023 kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, ya daina sayar da lasisin da ake biya sau ɗaya a mallaka, ya mayar da abin biyan shekara-shekara. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin abin da dala ta yi mana tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, kuma ba na son ka ɗaure wuyan kamfaninka da kuɗin da ake ƙiyastawa da dala duk shekara alhali akwai mafita. Akwai Proxmox, na wani kamfani a ƙasar Ostiriya, yana nan tun 2008, kyauta ake amfani da shi, sai in kana son tallafin kamfanin ne za ka biya. Akwai Hyper-V na Microsoft da yake zuwa a cikin Windows Server. Ga kamfani irin naka dukansu biyun sun wadatar. Ka zaɓi wanda kake da mutum biyu aƙalla a cikin Kano da suka iya shi da gaske, waɗanda in ka kira da daddare za su zo. Ka kuma duba layin lasisi a takardar farashin: lasisin Windows Server Standard kwamfutocin ciki biyu yake ɗauka, ta ukun in Windows ce sai an ƙara kuɗi. In babu layin lasisi gaba ɗaya, to ta sata za a ɗora maka, ita kuma ta sata ba ka da tabbacin abin da aka cusa a cikinta.

Yanzu RAID. Aikinsa ɗaya ne tak: in faifai ya mutu, inji ya ci gaba da aiki har a sako wani. Ana haɗa faifai biyu ko fiye, a riƙa rubuta bayani ta yadda rashin ɗaya ba zai tsayar da komai ba. A RAID 1 faifai biyu ne, duk abin da aka rubuta a wannan an rubuta a wancan. A RAID 5 in ka haɗa faifai huɗu masu terabait 4 za ka samu terabait 12, kuma zai jure mutuwar faifai ɗaya. A RAID 6 faifan nan huɗu terabait 8 za su ba ka, amma zai jure mutuwar biyu. 'Yan kwangila suna son RAID 5 domin lambar ta fi girma a takarda. Ni ba na ba da shi a kan manyan faifai. Idan ɗaya ya mutu aka sako sabo, sai injin ya karanta kowane lungu na sauran ukun kafin ya cike gurbin, aikin da kan ɗauki sa'o'i da dama, wani lokacin ya kwana ya yini. Su kuma sauran ukun rana ɗaya aka sayo su, zafi ɗaya suka sha, tsufansu ɗaya. A tsakiyar wannan wahalar ne na biyu yakan faɗi, in ya faɗi kuwa komai ya tafi. Ka nemi RAID 6 ko RAID 10, wanda yake haɗa faifai bibbiyu, kowane da abokin kwafinsa kamar a RAID 1. Bayanan lissafi da na kaya ma ba su da wani girma, faifan SSD biyu irin na saba, masu kariyar ɗaukewar wuta, a RAID 1, sun ishe su, kuma ma'aikatanka za su ji bambancin saurin tun ranar farko. Ka sa a sayo faifai ɗaya na ƙari a ajiye a durowa, kuma a saita injin ya riƙa turo saƙo in faifai ya samu matsala. Na sha shiga ofis in tarar da ɗan fitilar faifai yana ƙiftawa ruwan lemo, kowa yana wucewa ta gabansa, ba wanda ya san tun yaushe ya fara.

Abin da RAID ba ya yi ya fi abin da yake yi yawa. In akawu ya goge fayil bisa kuskure, a take gogewar ta hau duka faifan. In manhajar lissafi ta rikice ta ɓata bayanan, ɓatattun bayanan za a rubuta a ko'ina. In masu kutse suka kulle fayilolin, kullallu za ka samu a duka faifan. Ɓarawo kuma injin gaba ɗaya yake ɗagawa. Mu mutanen Kano ba sai an ba mu labarin gobara ba, mun ga abin da ta yi wa Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, mun ga ruwa ya shiga shagunan Kantin Kwari a daminar 2022. Kaya in sun ƙone, mutum yakan farfaɗo da taimakon Allah da na 'yan'uwa. Amma dillalin da ya rasa lissafin wa yake bi bashi, nawa, tun yaushe, ya shiga wani hali daban, domin sai abin da masu bashin suka ga dama suka tuna.

Haka nan kada a ruɗe ka da hoton wucin gadi da manhajar take iya ɗauka na kwamfutar ciki kafin a yi mata gyara. Yana da amfani, in gyaran ya ɓaci a koma baya cikin minti biyu. Amma a faifan injin yake zaune, kuma in aka bar shi ya daɗe sai ya kumbura ya cinye wuri ya rage sauri. A ɗauka, a yi gyara, a goge.

Kafin in zo kan kwafin ajiya dole in tsaya a kan wuta, domin a garin nan ita ce ta fi kashe sabobi, ba tsufa ba. Saba ba ta son a yanke mata wuta tana tsakiyar rubutu, kuma yanzu da za ka tara komai a inji ɗaya, yankewa ɗaya za ta taɓa lissafi da rasit da takardu a lokaci guda. 'Yar ƙaramar UPS ɗin da ake sa wa kwamfutar tebur ba ta isa ba. Ka nemi irin wadda kullum ita ke samar wa injin wuta daga cikinta, ta yadda ko wutar Nepa ta yi sama ta yi ƙasa, ko an juya zuwa janareta, sabar ba za ta ji komai ba. A haɗa ta da sabar da waya domin in batir ya kusa ƙarewa ta umarci kwamfutocin ciki su rufe kansu cikin tsari. Wannan 'yar wayar sau da yawa a cikin kwali ake barinta. In da hali a ƙara inbata mai tsaftatacciyar wuta da sola da batir na litiyam a bayanta. Ka tuna Oktoban 2024, lokacin da Kano da mafi yawan jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wutar gwamnati. A sa mai wayarin ya auna wayar ƙasa ta ginin kuma, a sa abin tare tsawa kafin damina.

Sai zafi da ƙura. Abin da ake so a ɗakin saba shi ne tsakanin digiri 18 zuwa 27, mu kuwa a Afrilu muna haura 40. Batirin dalma da ke cikin UPS, duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 yana rage rabin kwanansa, shi ya sa za ka ga batirin da aka ce zai yi shekaru ya kumbura tun bai je ko'ina ba. In ka buɗe sabar da ta yi hunturu biyu a ofishin da taga take buɗe, za ka tarar ƙura ta daskare a kan ƙarfen sanyaya furosesa, ja-ja, har tana ɓantarowa a hannu, fankokin suna ta ihu amma iska ba ta ratsawa. Ƙaramin ɗaki mai rufe, da esi da ke kan inbata, da ɗaga injin daga ƙasa, da hure shi bayan kowane hunturu, sun fi maka ƙarin furosesa amfani.

To, kwafin ajiya, wanda ma'aikata ke kira bakof. Wannan ba shawarar yaron kwamfuta ba ce, taka ce, domin ta rataya a kan tambayoyi biyu da kai kaɗai za ka amsa. Ta farko: in komai ya tsaya yanzu, cinikin awa nawa za ka iya jure a sake shigarwa da hannu daga takardu? In sau ɗaya ake ɗaukar kwafi da daddare, injin ya mutu bayan la'asar, cinikin yinin nan duka ya tafi. Ta biyu: awa nawa za ka iya zama ba a fitar da rasit, motoci suna layi a Sharaɗa, direbobi suna jira? Amsar da ka ba da a watan da kasuwa take kwance ba ita za ka ba da ana saura mako guda azumi ba, lokacin da sukari da shinkafa da taliya suke fita ba ƙaƙƙautawa. Da amsar wancan makon za ka yi lissafi.

Ƙa'idar da masu wannan aiki suka daɗe a kanta ita ce 3-2-1: bayanai su kasance a wuri uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin. Ga yadda zan tsara maka ita da abin da kake da shi. Kada ka sayar da tsofaffin sabobin duka. Ka ɗauki wadda ta fi lafiya, a sa mata sabbin faifai, ta zama ma'ajiyar kwafi, da Proxmox Backup Server in Proxmox ka zaɓa, ko Veeam in Hyper-V ne, wanda yake da sigar kyauta da ke ɗaukar har kwamfutoci 10. Ta riƙa ɗaukar kwafin kwamfutar lissafi da ta rasit duk awa ɗaya a lokacin aiki, ta takardu kuma duk dare. Bayan kwafin farko abin da ya canza kawai ake ɗauka, don haka ba ya cin wuri kamar yadda mutane ke tsoro. Tsohuwa ta biyu kuma a ɗora mata manhajar rabo irin ta sabuwar a ajiye ta, domin ranar da sabuwar ta ƙi tashi a samu inda za a kunna lissafi da rasit, ko da da ɗan nauyi. In netwok tsakanin ofis da sito yana da ƙarfi, ma'ajiyar kwafin ta zauna a Sharaɗa. In babu, aƙalla kada ta zauna a ɗaki ɗaya da sabuwar, a kan soket ɗaya.

Sannan faifan waje guda uku, irin waɗanda ake sokawa a cire. A rubuta musu suna da alƙalamin maka, a riƙa juya su. A soka ɗaya, a zuba kwafi, a cire, ya tafi gidanka cikin sef, wanda ke gida ya dawo. A kowane lokaci akwai kwafin da ba ya haɗe da wuta, ba ya haɗe da netwok, ba ya cikin ofis. A kulle su da mabuɗin sirri, domin faifan da ya faɗi a Adaidaita Sahu kada ya zama wanda ya tsinta ya ga duk farashinka da sunayen abokan cinikinka. Faifan wajen da aka soke a bayan saba aka bar shi a wurin wata da watanni ba ya cikin wannan lissafi, ko da shi ne abin da aka fi samu a ofisoshinmu.

Kada a riƙa shafe kwafin jiya da na yau. A ajiye na kowace rana na makonni biyu ko fiye, na ƙarshen kowane wata na shekara guda, na ƙarshen shekara kuma a adana shi daban. Ɓarnar bayanai ba kullum ake gane ta a ranar ba. Wani lokacin sai an zo ƙidayar kaya bayan wata uku a ga lamba ba ta hau ba, a so a ga yadda lissafin yake kafin wani ya taɓa shi. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ce a adana bayanan lissafi na shekara 6.

Dalilin da ya sa na nace a kan faifan da aka cire shi ne masu garkuwa da bayanai. Suna shiga ta saƙon imel mai ɗauke da rasit na ƙarya, ko ta ƙofar da aka buɗe domin manaja ya riƙa duba lissafi daga gida. Ba a ranar suke kullewa ba. Sukan zauna shiru suna zagayawa, su nemo inda kwafin ajiya yake su fara lalata shi, sannan su kulle sauran su nemi kuɗin fansa. Kuma sun san darajar inji mai ɗauke da kwamfutoci da yawa: a Fabrairun 2023 an kulle dubban sabobin VMware ESXi a ƙasashe daban-daban ta wata kafa da aka riga aka fitar da maganinta tun 2021, masu injinan ne ba su sabunta ba. A Yunin 2017 wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya ta ratsa kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda kwantenoninsa kake gani a kan tireloli. Sai da suka sake girka sabobi kusan 4,000 da kwamfutoci 45,000, asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Sabobin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shiga na kamfanin duka sun lalace a lokaci guda, domin a haɗe suke, kowacce tana kwafar 'yar'uwarta. Wadda ta tsira tana wani ofishinsu ne a nan Afirka ta Yamma, ta tsira ne domin an ɗauke wuta a lokacin da abin ya faru, ba ta kan netwok. Daga ita aka sake gina sauran. Abin da ɗaukewar wuta ta yi musu ba da shirinsu ba, shi nake so ka riƙa yi da gangan duk mako.

Tare da wannan, shafin sarrafa sabar kada ya leƙa intanet ko kaɗan. Kalmar sirrin ma'ajiyar kwafi ta bambanta da ta kowace na'ura a ofis. Shiga daga gida ya zama ta rufaffiyar hanya mai neman lambar tabbaci daga waya. Kuma in akwai kwamfutar da har yanzu take kan Windows Server 2012, Microsoft ya daina fitar mata da gyaran tsaro tun Oktoban 2023, sai a killace ta daga intanet har a samu a ɗaga ta.

Za ka ce me ya sa ba za a tura komai rumbunan haya na intanet a huta ba? A tura kwafi ɗaya can, na yarda, musamman bayanan lissafi da ba su da nauyi, kuma a nemi irin ajiyar da ba a iya gogewa ko canzawa sai wa'adin da aka sa ya cika. Amma ka yi lissafin dawowa. Gigabait 500 a kan layi mai megabit 20 zai ɗauki fiye da awa 55 kafin ya sauka, in layin bai yanke ba ko sau ɗaya. Terabait 2 ya haura kwana 9. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. Su ma rumbunan ba su fi ƙarfin ƙaddara ba: a Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a Faransa, waɗanda kwafinsu yake a harabar da asalin yake suka rasa duka biyun. Google Drive da makamantansa da ke daidaita fayil tsakanin kwamfuta da intanet kuma ba kwafin ajiya ba ne, in ka goge a nan ya gogu a can, kwandon sharar Google kwana 30 yake riƙewa. In kana son kwafin ya zauna a cikin ƙasa, akwai cibiyoyin adana bayanai a Legas irin su Rack Centre, Galaxy Backbone ma tana da tata a nan Kano, sai a tambayi farashi da sharuɗɗa.

Duk abin da na faɗa a sama bai da amfani in ba a gwada dawo da kwafin. An taɓa kirana wani kamfani a garin nan bayan faifansu ya mutu. Hankalinsu kwance, suka miƙo mini faifan waje, suka ce kullum da daddare yake ɗauka. Da na buɗe, kwafin ƙarshe mai lafiya na watannin baya ne. Faifan ya cika tuntuni, manhajar kullum tana rubuta cewa ta kasa, a wani shafin da ba wanda yake buɗewa. Akawun ya zauna da kwalayen rasit yana shigarwa ɗaya bayan ɗaya, wasu rasitan ma rubutunsu ya riga ya dushe. Ba ƙananan kamfanoni kaɗai abin yake samu ba. A Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da sana'arsa ke nan adana aikin masu rubuta manhaja, ya goge rumbun bayanansu bisa kuskure, suka juya ga hanyoyin kwafinsu har biyar suka tarar babu wadda ta yi aiki yadda aka zata, suka rasa bayanan kusan awa 6. Saboda haka duk wata a ware rana, a ɗauko kwafi, a kunna kwamfutar lissafi a kan injin ajiya, akawu ya buɗe ya duba cinikin jiya da bashin mutum biyu ko uku da ya sani a ka. A rubuta minti nawa abin ya ɗauka, a kawo maka takardar ka sa hannu. Rahoton kwafin kowane dare kuma ya riƙa zuwa wayar mutum biyu, ranar da bai zo ba a tambaya.

Akwai maganar da nake so in yi maka a hankali, ba zargin kowa nake ba. A yawancin kamfanoninmu yaro ɗaya ne ya san komai: kalmomin sirri a kansa suke, lasisi da imel ɗinsa aka yi rajista, shi kaɗai ya san wace waya ta tafi ina. Yana iya zama mai amana ɗari bisa ɗari, amma yana iya samun aiki a Abuja, yana iya kwanciya rashin lafiya, rai kuma na Allah ne. A rubuta kalmomin sirri na manya da mabuɗin faifan waje a takarda, a rufe a ambulan, a sa a sef ɗinka, a sabunta duk lokacin da aka canza. Mabuɗin nan in ya ɓata, kwafin da aka kulle da shi ba mai iya buɗe maka shi, ko kamfanin da ya yi manhajar. Rajistar komai ta zama da imel ɗin kamfani. A rubuta matakan dawo da saba a shafi biyu, a sarari, yadda wani masanin da bai taɓa shiga ofishinka ba zai iya bi. Shi ma yaron wannan sauƙi ne a gare shi, zai iya zuwa ganin gida da Sallah ba tare da waya tana ta kiransa ba.

Doka ma ta shigo cikin maganar. Sunaye da lambobin waya da lambobin asusun abokan cinikinka da na ma'aikatanka bayanan mutane ne, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora maka alhakin tsare su. In aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, awa 72 kake da su ka sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Tarar tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai kuma miliyan 10 ko kashi 2 ɗin.

Kyamarorin tsaro, in ɗan kwangilar ya ce a haɗa su a sabar, ka ce a'a. Su zauna a na'urarsu, bidiyo yana cinye wuri kuma yana gajiyar da faifai dare da rana.

Ka mayar masa da takardar farashin ya sake ta. In kuɗin bai isa komai ba, a rage girman sabuwar sabar, ko a ɗauki ta hannu mai garanti daga dillalin da ka sani, amma kada a taɓa kuɗin UPS da na faifan kwafi. Ka riƙe wani kaso na kuɗinsa sai ya yi abu uku a gabanka da gaban akawunka. Ya zare faifai ɗaya injin yana aiki, ku ga rasit yana ci gaba da fita kuma saƙon gargaɗi ya shigo waya. Ya kashe wutar ɗakin, ku ga UPS ta riƙe, sannan kwamfutocin ciki sun rufe kansu kafin batir ya ƙare. Sannan ya kashe sabuwar sabar gaba ɗaya, ya ɗauko faifan wajen da ya kwana a gidanka, ya tayar da lissafin a kan tsohon injin yana bin takardar matakan da ya rubuta, kai kuma kana duba agogo. In ya sake takardar ka turo mini in duba maka layi-layi kafin ku zauna.